Itacen mepul mai zane: yadda ake saro shi don yin ƙotar wuƙa

Duk mahauci ko mai tsire ya san cewa rabin daɗin wuƙa a ƙotarta yake. A wajen maƙeran Amurka da Kanada, ɗaya daga cikin itatuwan da suka fi daraja wajen yin ƙota shi ne mepul, bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada tun 1965. Amma ba kowane mepul ba. Wanda ake rububi shi ne mai zane, kuma bishiyoyi kaɗan ne ke da shi.

Mene ne zanen?

A yawancin bishiyoyi jijiyoyin itace miƙe suke tafiya. A wasu kuwa sai su riƙa lanƙwasa, idan an goge katakon haske ya faɗa masa sai ka ga kamar yana motsi. Nau'o'in da aka fi sani su ne:

Mai ratsi-ratsi, wanda ake yin bayan gogen Turawa da shi tun zamanin Stradivari a garin Cremona na Italiya.

Idon tsuntsu, mai ƙananan ɗigo-ɗigo, wanda ake samu galibi a mepul mai sukari, irin na jihar Michigan.

Mai kama da gizagizai, daga mepul mai faɗin ganye na jihohin Oregon da Washington.

Mai baƙin layi, wanda funfuna ke zanawa idan itacen ya fara ruɓewa.

Sara da tsagawa

Tun bishiya na tsaye masu sana'ar ke duba ta, domin idan aka ɗaga ɓawo kaɗan ana ganin gargada a jikin itacen. An fi sara lokacin sanyi, saboda a zafi gungume kan yi tabo da wuri, alhali farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo shi ake nema a mepul. Da an kayar sai a shafe bakin gungumen da kaki ko fenti don kada ya tsage.

To, a wajen tsagawa ne ake samu ko a yi asara. Mai ratsi ya fi fitowa idan an raba gungume huɗu aka yanka daga ɓawo zuwa tsakiya. Idon tsuntsu da mai gizagizai kuwa sai an yanka a kwance. Wanda ya juya wannan, ya mayar da itace mai tsada katakon banza.

Busarwa

Ƙa'idar kafintoci ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri idan a inuwa ake shanyawa. Daga nan a ƙarasa a ɗakin busarwa har danshi ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Sannan a yayyanka guntaye masu tsawon kamar inci 5. Idan ƙotar mai ɓari biyu ce, guntu ɗaya ake tsagawa a buɗe shi kamar littafi, don zanen hagu da dama su dace.

Mepul mai laushi da mai baƙin layi ba sa jure ruwa haka nan. Don haka ake sa su a tukunya a zuƙe iskar cikinsu, ƙaron roba ya shige ramukan, sannan a gasa ya daskare. Akwai kuma tsohuwar dabarar maƙeran bindiga na Pennsylvania: a shafa ruwan asid da aka narka ƙarfe a ciki, a kara zafi, sai itacen ya koma ja-ja, ratsin ya fito raɗau.

Tsada ta jawo ɓarayi

Saboda kuɗin da masu ƙera jita ke biya, satar mepul ta zama matsala a Washington. A 2018 wasu masu satar itace suka cinna wa gidan zirnaƙo wuta a gindin wata bishiya a dajin gwamnati na Olympic, gobarar ta cinye kimanin eka 3,300. A shari'ar da aka yi a 2021, gwajin ƙwayoyin halittar bishiya ne ya nuna cewa katakon da aka sayar daga kututturan dajin ya fito.

Ga mai saye

Mepul ba ya fitowa a dazukanmu, duk wanda ka gani shigo da shi aka yi. Idan an ce maka ƙota mepul mai zane ce, juya ta a haske. Zane na gaske yana canzawa, na fenti kuwa tsaye yake. Ga wanda ke aiki a laimar Legas ko Fatakwal, ya tambaya ko an ɗura wa itacen ƙaro, domin wanda ba a ɗura wa ba yana kumbura da damina ya motse da hunturu, har ƙusoshin su yi sako-sako. Kada a bar wuƙar kwance cikin ruwa. A wanke, a goge, a riƙa shafa ɗan mai lokaci-lokaci.