Sanyin da Ke Riƙe da Maganaɗisu

Ranar 10 ga Yuli 1908, a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da iskar hiliyam ruwa. Wuni guda aka yi ana fama da famfuna, abin da aka samu bai cika kofin shayi ba, amma sanyinsa ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. A 1911 ya sanyaya zaiba da wannan ruwa, sai ya ga lantarki na ratsa ta babu turjiya ko kaɗan.

Nan take ya hango maganaɗisu mai ƙarfin gaske wanda wayarsa ba ta ɗaukar zafi. Haƙarsa ba ta cimma ruwa ba, domin da ya naɗa wayar darma, ƙarfin maganaɗisu ɗan kaɗan ya rusa wannan baiwa. Sai a 1961 masu bincike na kamfanin Bell a Amurka suka nuna cewa haɗin niyobiyam da kuza yana jurewa.

A ganina maƙeran injin sanyi ne tarihi ya fi tauye wa haƙƙi, alhali ba don su ba da wayar ba ta tsinana komai ba. Har 1923 Leiden kaɗai ke da ruwan hiliyam a duniya. A 1934 Pyotr Kapitza ya ƙera inji a Kambirij inda iskar da aka matse ke tura fistin, garin turawar ta huce. Samuel Collins na jami'ar MIT ya gyara dabarar a shekarun 1940, har jami'o'i suka riƙa sayen injin. Wajen 1960 kuma William Gifford da Howard McMahon suka raba aikin biyu: kwampireso na can gefe, tiyo na kai iska zuwa wani ɗan kai mai sanyi, inda fistin ke kai da komo a hankali. Kukan nan mai kama da na tsuntsu da ake ji dare da rana a ɗakin na'urar MRI ta ɗaukar hoton jiki a asibiti, na wannan injin ne.

Muhimmancinsa a fili yake. MRI ɗaya kan sha lita 1,500 na hiliyam don sanyaya wayar maganaɗisunsa, kuma a da kullum hiliyamin yana tururi yana tafiya, sai an yi ta ƙari. Ga shi daga rijiyoyin gas na ƙasashe ƙalilan, irin su Amurka da Katar da Aljeriya, ake samun sa. Daga shekarun 1990 ƙananan injinan suka iya kai sanyin da ke mayar da tururin ruwa a cikin tankin MRI ɗin. A 2018 Philips ya fitar da MRI da aka rufe hiliyaminsa ruf, lita 7 kacal.