Daga Lefe Zuwa Leda: Tarihin Saƙar Kaba Tsakanin Ƙasar Hausa da N'Djamena

Gabatarwa

Ɗalibin Hausa na yau ya san "kayan lefe" da "faifan bidiyo", amma ba lallai ba ne ya san cewa kalmomin biyu daga hannun masu aikin kaba suka fito. Lefe a asalinsa kwando ne da ake zuba wa amarya tufafi a ciki. Faifai kuwa marufi ne kewayayye da ake rufe ƙwarya ko a sheƙe hatsi da shi. Wannan rubutu zai bi sawun sana'ar daga ƙasar Hausa zuwa babban birnin Chadi.

Kaba da Aikinta

Kaba ita ce ganyen goruba, musamman ƙaramar da ba ta riga ta yi tsawo ba. Akan yanko ta, a shanya, a tsaga ta siri-siri, sannan a jiƙa domin ta yi laushi. Da can da karan dafi ake rina ta ja, kafin zuwan garin rini na kanti. Harshen ya bambance aiki biyu: tabarma saƙa ta ake yi, faifai kuwa ɗinka shi ake yi, wato a naɗe dunƙulen ciyawa da kaba ana zagayawa da basilla tun daga cibiya har baki. Daga kaba ake samun malafa da igiya da adudu, wato babban kwando mai marufi na ajiyar tufafi. Yawan gorubar da ke wani kwari a jihar Maraɗi, wanda ya ratsa yankin Mayahi, shi ya sa ake kiran sa Gulbin Kaba.

Hanyar Gabas

An kafa Fort-Lamy a 1900, bayan yaƙin Kusuri na ranar 22 ga Afrilu, wanda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a cikinsa. Bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903, jama'a da yawa suka yi hijira gabas, kuma sabon garin ya zama zango a hanyar Makka ta ƙasa. Alhazai kan yada zango su nemi guzuri da sana'ar hannunsu, wasu su zauna ke nan. John Works ya rubuta littafi a kan waɗannan Hausawa na Chadi a 1976. Tsofaffin unguwanni irin su Bololo da Mardjandaffack suna daga cikin tushen birnin, wanda aka sauya wa suna zuwa N'Djamena a 1973. Hausawa sun tarar da Larabawan Shuwa da Barebari da Kotoko, kowa da nasa aikin kaba, domin goruba itaciyar Sahel ce baki ɗaya.

Abin da Ya Raunana Sana'ar

Abubuwa uku suka haɗu. Na farko, farin 1973 da na 1984 da faɗaɗa gonaki sun rage itatuwa, ga shi kuma kabar da ake yawan yanka ba ta samun zarafin zama goruba. Na biyu, kayan roba sun fi araha: tabarmar roba ta ture ta kaba, akwati ya gaje adudu da lefe. Na uku, sana'ar a gida ake koyon ta, daga uwa zuwa ɗiya ko daga uba zuwa ɗa, don haka idan tsara ɗaya ta bari, zaren ya tsinke.

Leda ta kawo tata matsalar, domin tana toshe magudanun ruwa, tana kashe dabbobin da suka haɗiye ta. A 2010 magajiyar garin N'Djamena, Marie-Thérèse Mbaïlemdana, ta tsananta aiwatar da dokar hana ta. Wannan mataki ya tuna wa mutane cewa kafin leda da kwando ake zuwa cefane. Haka kuma baje kolin sana'o'in hannu na Wagadugu, wanda aka fara a 1988, yana buɗe wa masu aikin hannu na Afirka kasuwa, yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kuma ta sanya irin wannan fasaha cikin gadon da ya kamata a kiyaye.

Kammalawa

Ajiye faifai a gidan tarihi ba ya raya sana'a. Abin da ke raya ta shi ne goruba a daji, mai saye a kasuwa, da yaro mai koyo. Ɗalibin Hausa ma yana da nasa rabon aikin: ya zauna da masu saƙa, ya rubuta sunayen zane-zane da na kayan aiki kamar yadda suke faɗa, daga Mayahi har N'Djamena, tun masu sanin suna raye.