Likitan da Sarkin Musulmi Bello Ya Nema: Tarihin Tiyatar Ruwan Kai da Ƙasar Gobir

A watan Oktoba na 1808 rundunar jihadi, ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Bello, ta ci birnin Alƙalawa. Aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, birnin da Sarki Babari ya kafa a bakin gulbin Rima ya kama hanyar zama kufai. Shekara 16 bayan haka, a 1824, Bello yana kan gadon Sarkin Musulmi ya karɓi baƙuncin Bature ɗan yawon bincike Hugh Clapperton a Sakkwato. Cikin abubuwan da ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa akwai jakada, akwai kuma likita.

Bello masani ne a fannin magani. Ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan ciwon ido da basur da magungunan da aka ruwaito daga Annabi, kuma wannan sanin ne ya nuna masa inda ilimin zamaninsa ya tsaya. Clapperton ya sake tasowa daga Ingila a 1825 tare da likitoci biyu, amma babu ɗayansu da ya taka Sakkwato. Shi kansa a can ajali ya same shi a watan Afrilu na 1827.

Yau Sakkwato na da likitocin da ke buɗe ƙoƙon kai su yi aiki a cikin ƙwaƙwalwa. Yadda aka kai ga haka, da dalilin da ya sa jaririn da aka haifa a ƙauyukan Sabon Birni da Isa yake nesa da wannan ci gaba har yanzu, ana iya ganinsu a tarihin ciwo guda: taruwar ruwa a kan jarirai.

Inda aska ta tsaya

Ƙasar Hausa ta daɗe da masu aikin jiki. Wanzami na yin kaciya da ƙaho da cire beli, shi ne kuma ke zana tsagar Gobirawa a fuska. Maɗori na ɗora karaya da targaɗe. Ungozoma na yanke cibiya. Dukkansu a bayan ƙashi suke aiki. Abin da ke cikin ƙoƙon kai da cikin ƙashin baya ya fi ƙarfin kayan aikinsu, shi ya sa idan kan jariri ya fara girma fiye da ƙima, maɗiga ta kumbura, idanu suka riƙa kallon ƙasa, sai a danganta lamarin da iska ko sammu.

Abin da ke faruwa a zahiri toshewar magudana ce. Ƙwaƙwalwa na samar da wani ruwa garai-garai a cikin koguna huɗu da ke tsakiyarta. A jikin babban mutum ana samar da kusan rabin lita a kowace rana, ruwan ya zagaya ƙwaƙwalwa da laka, jini ya shanye shi. Idan hanya ta toshe, ruwan ya ci gaba da ɓuɓɓugowa ba mafita. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, don haka kan sai ya buɗe ya yi ta girma, ƙwaƙwalwa kuma tana matsuwa. Toshewar na iya zuwa daga halitta, musamman ga jariran da aka haifa da tsagewar ƙashin baya, wato waɗanda ake gani da ƙari kamar jaka a gadon baya. Tana kuma iya biyo bayan sanƙarau ko wata cutar da ta shiga jinin jariri a makonnin farko, ta bar tabo a magudanar.

Likitocin Musulunci sun san ciwon. Abul Ƙasim al-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana shi a kundinsa al-Tasrif, har ya faɗi yadda ake tsaga a fitar da ruwan. Ya kuma faɗi gaskiya cewa yaran da ya gani da ciwon ba su daɗe ba, abin da ya sa ya fi son kada ya sa musu wuƙa. Kusan shekara 900 lamarin ya tsaya a nan.

Maƙerin da ɗansa ya kwanta

A 1914 Walter Dandy da Kenneth Blackfan na asibitin Johns Hopkins a Amurka suka nuna ta hanyar gwaji a kan karnuka cewa toshe magudanar ruwan na haddasa ciwon. Daga nan dabaru biyu suka fito. Ta farko ita ce a gyara daga ciki: Dandy ya gwada cire naman da ke samar da ruwan a 1918, sannan a 1923 Jason Mixter ya zura madubin leƙe ya huda ƙasan kogo na uku don ruwa ya samu sabuwar hanya. Kayan aikin lokacin ba su da kyau, sakamakon bai gamsar ba.

Dabara ta biyu ita ce a janye ruwan da siririn bututu zuwa wani sashe na jiki. Matsalarta murfi ne: ana buƙatar abin da zai bar ruwa ya fita, ya hana shi komawa. A ƙarshen 1955 aka haifa wa wani maƙerin injuna mai suna John Holter ɗa, Casey, da tsagewar ƙashin baya da ruwan kai. Likitansa a Filadelfiya, Eugene Spitz, ya bayyana masa matsalar. Holter ya koma gida ya ƙera murfi da robar silikon, aka fara amfani da shi a 1956. Casey bai yi tsawon rai ba, amma ƙirar mahaifinsa ta zama tushen bututun da ake kira shant, wanda a yau ake binnewa ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki.

Shant ya ceci rayuka masu yawa, ya kuma zo da nasa nauyin. Yana toshewa, yana kamuwa da ƙwayoyin cuta, yaro na iya girma ya fi tsawonsa. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa kusan 4 cikin kowane 10 na samun matsala a shekarar farko. Idan ya toshe, sa'o'i ko 'yan kwanaki ne tsakanin yaro da mutuwa. An ƙera shi ne da tunanin iyalin da asibiti ke kusa da ƙofarsu.

Daga Ibadan zuwa Zariya zuwa Sakkwato

Tiyatar ƙwaƙwalwa ta fara a Nijeriya a 1962, lokacin da Latunde Odeku ya dawo daga Amurka, bayan karatu a Jami'ar Howard da horo a Jami'ar Michigan, ya buɗe sashe a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Shi da abokin aikinsa Adelola Adeloye sun mayar da hankali ga rubuta abin da suke gani a jikin 'yan ƙasa. A 1971 suka bayyana wani ƙari da ke fitowa a kan maɗigar jarirai, wanda har yau ake kira da sunayensu. Odeku ya rasu a 1974 yana da shekara 47.

Arewa ta daɗe ba ta da irin wannan sashe. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, likitocin tiyatar yara ne ke ɗaukar nauyin jariran da aka kawo da ƙari a baya, kuma a 1990 Oluwatope Mabogunje ya wallafa rahoto kan waɗanda aka gani a Zariya. A 2000 Bello Bala Shehu da abokan aikinsa suka fitar da wani rahoton daga wannan asibiti, kan tsarin zaɓen jariran da za a yi wa aiki. Wannan muhawara tsohuwa ce. Tun 1971 John Lorber na Sheffield a Ingila ya tayar da ƙura da ya ba da shawarar a bar jariran da larurarsu ta yi tsanani ba tare da tiyata ba. A Ingila tambayar ta ɗabi'a ce. A Zariya ta haɗa da ƙarancin gado da kayan aiki, da jariran da ake kawowa bayan ƙarin ya fashe ya ruɓe.

Farfesa Shehu ne ya jagoranci kafa Cibiyar Tiyatar Ƙwaƙwalwa ta Yanki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kafin daga baya ya shugabanci Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Cibiyar na karɓar marasa lafiya daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara da ƙetaren iyakar Nijar, ta kuma horar da likitoci da dama da ke aiki a sauran jihohin Arewa. Duk da haka, masu wannan ƙwarewa a faɗin Nijeriya ba su kai 200 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Amsar da ta fito daga Uganda

Binciken da ya fi shafar yaron Gobir an yi shi ne a garin Mbale na gabashin Uganda. Likitan Amurka Benjamin Warf ya koma can a 2000 ya jagoranci asibitin yara na CURE, ya kuma yi tambayoyin da asibitocin Turai ba su da dalilin yi.

Ta farko a kan tsada ce. Ya kwatanta bututun Chhabra na Indiya, mai dala 35, da na kamfanin Codman mai dala 650, a kan yara 195. Rahoton 2005 ya nuna babu wani bambanci na a zo a gani bayan shekara guda.

Ta biyu ta fi zurfi: ko za a iya raba yaro da bututu gaba ɗaya? Warf ya farfaɗo da dabarun Dandy da Mixter ya haɗa su a aiki ɗaya da madubin leƙe mai lanƙwasa: a huda sabuwar hanya, sannan a ƙone naman da ke samar da ruwa don a rage yawansa. A jariran da ba su kai shekara ba, nasara ta tashi daga kashi 47 cikin 100 idan huda kaɗai aka yi zuwa kashi 66. A 2017 aka wallafa gwajin da aka raba jarirai 100 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu shant, wasu sabon aikin. Bayan wata 12 ba a ga bambanci mai ƙarfi a bunƙasar basirarsu ba. Sabon aikin ya ɗan fi gazawa, kashi 35 a kan 24, amma gazawarsa na bayyana ne a watannin farko, lokacin da iyali ke zuwa duba lafiya. Gazawar shant kuwa na iya zuwa bayan shekara biyar, cikin dare, a tsakiyar damina.

Binciken ya kuma gano cewa kusan kashi 60 na yaran Mbale sun samu ciwon ne bayan kamuwa da cuta. A 2020 masana suka gano wata ƙwayar cuta mai suna Paenibacillus a ruwan kan da yawa daga cikinsu.

Hanyar Sabon Birni

Ƙasar Gobir na tsakiyar yankin sanƙarau na Afirka, inda cutar ke tashi da ƙurar hunturu ta yi ƙamari a bazara. Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Ta 2016 zuwa 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato, ta kashe sama da 1,100. Yanayin ya sha bamban da na Mbale mai tsaunuka da ruwan sama, don haka ƙwayoyin cutar da ke toshe kan jariri a bakin Rima sai an neme su a bakin Rima.

Bincike kuwa sai da amana, amana kuma ta taɓa karyewa. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Duk likitan da zai ce wa uba a Isa za a yi ƙuri'a a kan irin aikin da za a yi wa ɗansa, da wannan tarihi zai fara yin magana.

Sai batun hanya. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa jihar Maraɗi. A Disambar 2021 aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar yankin. A Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Inda basarake bai tsira a hanya ba, mahaifiyar da bututun ɗanta ya toshe ba ta da tabbacin isa Sakkwato a kan lokaci. A irin wannan wuri, zaɓi tsakanin shant da aikin madubi ya dogara ga halin hanya kamar yadda ya dogara ga hoton ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar ɗakin tiyata. A 1991 gwajin Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ya tabbatar da cewa sinadarin folik asid na rage sake haihuwar jariri mai tsagewar baya da kashi 72 cikin 100. Sharaɗin shi ne lokaci: laka na rufewa cikin kwana 28 na farkon ciki, kafin mace ta tabbatar tana da shi, balle ta je awo. Amurka ta wajabta zuba sinadarin a garin masana'anta daga 1998. Gidan da ke cin geron rumbunsa, ya kai surfe ya kai niƙa a injin unguwa, wannan dabara ba ta isa tukunyarsa. Sai an ba 'yan mata da amare ƙwayar tun kafin ciki. Haka tsabtar yankan cibiya da rigakafin sanƙarau, wanda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon nau'insa mai kare iri biyar a Maris na 2024.

Kayan aiki mafi arha a wannan fage shi ne tef ɗin awo irin na tela. Ma'aikaciyar lafiya da ke auna zagayen kan jariri duk ranar allurar rigakafi, tana rubutawa a kati, za ta ga layin ya kauce makonni kafin ido ya gani. Jaririn da ya isa Sakkwato a wata na biyu da wanda ya isa a wata na goma, aiki ɗaya za a yi musu, amma ƙwaƙwalwar da za a ceto ba ɗaya ba ce. Likitan da Bello ya nema a 1824 yana Sakkwato yanzu. Aikin da ya rage yana tsakanin ɗakin shan magani na ƙauye da ƙofar asibitinsa.