Fuskar maleji mai haske: Yadda ake sa ta a mota da abubuwan da ake kiyayewa

Fuskar maleji mai haske wani siririn faifai ne na roba da ake shimfiɗawa a kan fuskar ma'aunan gaban direba, ko kuma a cire tsohuwar a sa shi a gurbinta. A jikinsa ake buga lambobin gudu da na juyin inji da alamomin mai da zafi, kuma yana fitar da haske da kansa idan an kunna fitilun mota. Masu motoci kan saye shi don abu uku: tsohuwar fuskar ta koɗe, ko fitilun cikinta sun mutu, ko kuma suna son mayar da lambobin mil zuwa kilomita.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne faifan rubutu kawai yake canzawa. Ba ya auna komai. Allurar da ke yawo a kansa tana bin saƙon da take samu daga giya da inji da tanki, don haka idan lambobin da aka buga ba su zauna daidai inda na asali suke ba, ko aka mayar da allura a karkace, malejin zai riƙa yi wa direba ƙarya kullum ba tare da ya ankara ba.

Dalilin da ya sa batun ya shafi yankin Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, inda garin Tsamiya ke fuskantar Segbana ta ɗaya ɓangaren. Shekaru da dama tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofar shigowar motocin hannu da ake kira Beljiyam ko tokumbo, waɗanda ake korowa arewa ta Parakou da Kandi. Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017, amma motocin da suka riga suka shigo suna nan a hannun 'yan kasuwa da ma'aikata daga Matsinkai da Kaoje da Illo har zuwa Birnin Kebbi.

Da yawa daga cikin motocin nan, musamman samfurin Toyota da Honda, an ƙera su ne don kasuwar Amurka, inda ake auna tafiya da mil. A malejinsu manyan lambobin waje mil ne, na kilomita kuma ƙanana ne a ciki, waɗanda da kyar ake karanta su da dare. Najeriya da Benin kuwa duk da kilomita suke aiki. Mil ɗaya daidai yake da kilomita 1.609, wato direban da ya ga allura a kan 60 yana gudun kusan kilomita 97 ne a awa, wanda ya kai ta 100 kuma ya haura kilomita 160. Dokar hanya da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke aiki da ita ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a manyan hanyoyi, 100 a tagwayen hanyoyi.

Yadda hasken yake samuwa

Yawancin waɗannan faifai suna aiki ne da fasahar da ake taƙaita sunanta da EL. Ana shimfiɗa garin wani sinadari na zinc da farar wuta tsakanin ɓawo biyu masu ɗaukar lantarki, na saman mai bayyana abin da ke ƙarƙashinsa. Idan wuta mai kai-komo ta ratsa su, sai garin ya yi haske bai ɗaya ba tare da zafi ba. Wani masani Bafaranshe, Georges Destriau, shi ya gano wannan a shekarar 1936, kamfanin Chrysler na Amurka kuma ya sa shi a malejin motocinsa a 1960. Irin hasken ne na agogon hannu na Timex Indiglo da ya fito a 1992.

Batirin mota wuta mai ƙarfin bolt 12 yake bayarwa, faifan kuma yana buƙatar sama da bolt 100 na wuta mai kai-komo. Shi ya sa kowane kunshi yake zuwa da wata 'yar ƙaramar inbata. Ita ce ke yin siririn kukan da ake ji a wasu motoci, kuma wayarta tana iya jan mutum idan ya taɓa ta a kunne.

Hasken EL yana raguwa da tsufa, kuma zafi da laima suna gaggauta hakan. A yankin Kebbi, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, motar da ke wuni a rana tana iya sa gam ya saki, faifan ya kumbura ya riƙa tare allura. Akwai wata hanyar ta daban, wato a bar fuskar asali a canza ƙananan ƙwayayen fitilar bayanta da na LED. Wannan ya fi sauƙi ga wanda matsalarsa duhu ce kawai.

Kafin a saya

Ba a sayen faifai da sunan mota kaɗai. Sai an haɗa da shekarar ƙira, da ƙasar da aka ƙera ta dominta, da irin giyarta, da kuma ko ta fetur ce ko ta dizal, domin jan layin juyin inji ya bambanta. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 tana nuna yawancin waɗannan bayanai.

Babban abin dubawa shi ne lambar ƙarshe ta maleji. Malejin da ya ƙare a mil 160 yana daidai da kilomita 257. Idan aka ɗora masa fuskar da ta ƙare a kilomita 220 a daidai wannan wuri, allura za ta nuna 100 alhali motar tana gudun kusan 117. Ƙa'ida ta 39 ta dokokin ƙera motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Turai ke bi, ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu, ta kuma yarda ya wuce shi da abin da bai fi kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4 ba.

Sai kuma tagogin fitilun gargaɗi. A ɗaga sabon faifan a gaban haske a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya: na baƙin mai, na cajin batir, na birki, na inji, na jakar iska, na babbar fitila da na sigina. Faifan da ya rufe alamar baƙin mai yana iya jawo inji ya buga ba tare da direba ya ga gargaɗi ba, a garin neman gira a rasa ido.

Matakan sawa

Aikin yana buƙatar sukundireba, da abin ɓamɓare roba wanda ba ƙarfe ba, da cokali biyu, da safar hannu, da ƙyalle mai laushi, da wuri mai inuwa wanda ƙura ba ta shiga. Lokacin hunturu a yi shi a cikin ɗaki.

Na farko, a cika tanki, a tayar da inji har ya yi zafin da ya saba, sannan a ɗauki hoton ma'aunan kai tsaye daga gaba, da inji a kunne da kuma a kashe. Hotunan nan su ne ma'aunin da za a koma gare shi.

Na biyu, a zare makulli, a cire kan batir mai alamar ragi, a jira aƙalla daƙiƙa 90 saboda jakar iskar da ke jikin sitiyari. Kada a kunna makulli alhali an cire maleji, domin a motoci da yawa hakan yana tayar da fitilar jakar iska, ba ta kuma mutuwa sai an sa na'ura.

Na uku, a sauke sitiyari ƙasa, a cire robar da ta kewaye maleji, a kwance kusoshinsa, a jawo shi a hankali a zare soket ɗin da ke bayansa. Sai a buɗe maƙalan gilashin gaba.

Na huɗu shi ne allurai, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Wasu faifan an yi musu rami mai faɗi da za a zura su ta kan allura ba tare da an cire ta ba, kuma su ne suka fi dacewa da wanda bai saba ba. Idan dole sai an cire, a sa cokali biyu a ƙarƙashin gindinta a kan ƙyalle, a ɗaga su tare a miƙe. Jan allura a karkace yana lanƙwasa siririn ƙarfen da take kai ko ya fizgo shi daga motarsa.

Na biyar, a shimfiɗa faifan a daidaita ramukansa da na asali. Ba a yanka shi, ba a kuma naɗe shi. A haɗa wayar inbata da layin ƙananan fitilun gefe ta bayan fis, ɗaya wayar kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. A yi haɗin da dalma a rufe, domin wayar da aka murɗa da hannu kawai tana sakin jiki a kan hanya mai gargada.

Na shida, a mayar da soket da batir kafin a rufe gilashi, a tayar da inji ya yi zafi, sannan a ɗora kowace allura a inda hoto ya nuna. A danna ta kaɗan, a bar rata tsakaninta da faifan.

Gwaji bayan kammalawa

Da an murɗa makulli, ya kamata fitilun gargaɗi, ban da na babbar fitila da na sigina, su kama na ɗan lokaci. Gudu kuma ana gwada shi da manhajar GPS ta waya a kan miƙaƙƙiyar hanya, wani na gefe yana karantawa, a kan 40 da 60 da 80. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, wanda ƙaramar na'ura ke karanta ainihin juyin inji da zafinsa ta cikinsa. Idan hasken ya yi ƙarfi a rage shi, domin fari ko shuɗi mai kashe ido yana hana direba hango shanu da amalanke da babura marasa fitila a hanyoyin karkara.

Masu sa LED su bar ƙwan fitilar caji yadda yake. A tsofaffin motoci da yawa ta cikinsa wutar da ke tayar da altaneta take bi, canza shi kan hana batir caji.

Abin da faifan ba ya canzawa

Lambar da ke ƙirga jimillar tafiyar mota tana nan a mil ko da fuskar ta koma kilomita. Motar da ta nuna 100,000 ta yi tafiyar kusan kilomita 161,000 ke nan, wanda ke juyen baƙin mai bayan kilomita 5,000 kuma zai yi shi ne bayan mil 3,100. Wajibi ne mai sayarwa ya sanar da mai saye wannan, mai saye kuma da ya ga alamar an taɓa buɗe maleji ya gwada lambar da lalacewar sitiyari da kujera da takalman birki da totur.

A wasu motocin Turai, kamar Volkswagen Golf 4, na'urar da ke gane makulli tana cikin malejin ne, lalata shi yana hana motar tashi. Irin waɗannan, da kuma sababbin motoci masu allon kwamfuta a madadin allurai, aikin ƙwararren mai wayarin mota ne.