Daga Shigar Burtu Zuwa Sojan Gona

Kwanan baya wani matashin marubuci daga Bunguɗu ya kawo mini rubutun wasansa don in duba masa. A shafi guda na ƙirga kalmar kwaikwayo har sau bakwai. Yaron da ke tsokanar malaminsa kwaikwayo yake yi, ɓarawon da ya sa kakin ɗan sanda kwaikwayo yake yi, haka ita ma yarinyar da za ta fito amarya a dandali. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce ai da Turanci ya fara tsara wasan a zuciyarsa, can ya ga kalmomi birjik, da ya waiwayo Hausa kuwa sai ya tarar da ɗaya tak. To, ba Hausar ce ta gaza ba.

Shi kansa Turancin da ake yi wa kallon mai yalwa, aro ya yi. Kalmar impersonate daga Latin ta samo tushe, inda persona ke nufin fuskar ƙarya da ɗan wasa kan ɗaura a dandali. Kalmar hypocrite kuwa, watau munafuki, a wurin Girkawan dā sunan ɗan wasa ne kurum. Har yau kalma guda Bature kan yi amfani da ita ga mai ban dariya da ke ɗaukar muryar shugaba, da kuma macucin da ya je banki da sunan wani.

Bahaushe bai yarda da wannan cakuɗa ba. Abin da yake fara dubawa shi ne, mai kallo ya sani ko bai sani ba? In ya sani, wasa ne. Duk wanda ya tashi a Gusau ko Tsafe ya san tashe, yadda daga goma ga watan azumi yara kan manna gemun auduga su duƙa kamar tsofaffi, ko su zama Jatau mai magani. 'Yan kama su kan yi shigar malamai, su zauna kamar za a buɗe littafi, sai ka ji karatun ya ƙare a tuwo da fura. A kalankuwa, bayan an kau da amfanin gona, samari kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu. A gidajen sarauta ma akwai wasan gauta, inda mata kan ɗauki tafiyar sarki da maganarsa, wani zubin yana zaune yana kallo. Ba wanda aka ruɗa a duk waɗannan, shi ya sa ake dariya har a ba da tukuici.

In kuwa mai kallo bai sani ba, sai harshe ya koma daji ya aro sunan daga maharba. Maharbi kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci nama. Ka ji asalin shigar burtu, kuma duk inda ka ji ta akwai wanda za a harba. Ɓad da kama ta fi ta sauƙi, domin mai gudun ceton ransa ma yana yi. Ga kuma basaja. Bori kuwa ba ya shiga ko ɗaya, don masu shi ba su ce kwaikwayo suke yi ba, cewa suke an hau su, har suna kiran wanda aka hau doki ko goɗiya.

Kalmar da ta fi ba ni sha'awa ita ce sojan gona, domin ita shekarunta a goshinta suke. Soja dai kalmar Turawa ce, saboda haka ba yadda za a yi ta girmi zuwansu. A watan Fabrairu na 1903 rundunar Kano, ƙarƙashin Waziri Ahmadu, ta gwabza da dakarun Turawa kusa da Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bunguɗu ta yau, Wazirin kuma ya rasu a fagen. A watan Maris Sakkwato ta faɗi. Daga nan talakan wannan yanki ya koyi wani sabon darasi, cewa iko ya bar rawani da alkyabba ya koma cikin kaki da jar dara. Dā in dogari ya zo ƙauye an san shi, an san ubangidansa. Yanzu ga baƙo ba a san asalinsa ba, tufafinsa ne kaɗai shaidarsa.

Macuta ba su yi barci ba. Gwamna Lugga da kansa ya koka a rahotonsa na 1902 kan wani laifi da ya ce ya zama ruwan dare, wanda ya kira personation. Ya bayyana yadda mutum zai sa dara da wando, ya sauka a ƙauye ya ce Bature ne ya aiko shi, ya zauna yana karɓar dukiyar mutane, su kuwa tsoro ya hana su kai ƙara. Mai karatu ya duba da kyau, wannan ai shi ne sojan gona ba ragi ba ƙari, sojan da bai taɓa ganin bariki ba. Ni a ganina sunan da talaka ya raɗa ya fi na Lugga armashi, don ya haɗa bayani da ba'a a kalma biyu. Da aka zo kafa dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sai da aka ware wa laifin gurbinsa.

Shi kuwa wasan kwaikwayo na rubuce, makarantar boko ce ta raine shi. Bayan wasanni shida da R. M. East ya buga, ɗaya daga cikin 'yan ƙasa na farko da suka bi sahu Bazamfare ne, Abubakar Tunau Mafara, mai Wasan Marafa na 1949. Abin kunya ne a ce marubucin Zamfara bai taɓa buɗe shi ba. Rediyo da talabijin suka ɗora daga nan, har muka sami Usman Baba Pategi, sojan gaske wanda ya yi suna da fitowa soja a Samanja Mazan Fama, ya kuma rasu a 2023. Ga kaki ga muzurai, amma ba wanda ya taɓa kiran sa sojan gona.

Sai na ce wa yaron nan na Bunguɗu ya je ya sake zama da wasansa. Mai tsokanar malami ya ci gaba da kwaikwayonsa, amarya ta fito a matsayin amarya, amma ɓarawon a kira shi da sunansa. Mutanen da za su kalli wasan nan su ne masu bin hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, waɗanda a shekarun nan na 'yan bindiga in suka hango masu kaki sun tare titi sai mota ta yi tsit, kowa yana leƙen takalman ƙafarsu don ya gane ko na gwamnati ne. Ya karɓi takardunsa ya tafi. Bayan mako biyu ya dawo, kwaikwayo ta rage saura biyu a shafin.