Daƙiƙa 90 na Alƙali Jackson: Lokacin da Microsoft Ya Ce Manhajarsa Ba Ta Ciruwa

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya a makon jiya. Ya ce ya sayi sabuwar waya, ya kunna ta ke nan ya tarar da manhajoji fiye da goma waɗanda bai nema ba, ba kuma ya da buƙatarsu. Ya danna zai goge, waya ta ce iyakarsa ya dakatar da su, gogewa kam babu hanya. Shi ne yake tambaya ko da gaske ba sa ciruwa, ko kuwa raina masa hankali ake yi. To malam, wannan tambaya taka ta taɓa zuwa gaban kotun tarayya a Washinton. Shekara biyar aka kwashe ana fafatawa a kanta, ta kusa raba kamfanin Microsoft gida biyu, ta kuma zubar wa wani alƙali da mutunci alhali shi ke da gaskiya.

A tsakiyar shekarun 1990, cikin kowace kwamfuta goma ta ofis ko ta gida, tara suna aiki ne da Windows. Sai ga wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Netscape, wanda Jim Clark ya kafa tare da wani matashi, Marc Andreessen, ya fito da burauzar Navigator a ƙarshen 1994. Kafin a ankara ta zama ƙofar da kusan kowa ke bi ya shiga intanet. Kuɗin burauza ba wani abin a zo a gani ba ne a wurin Microsoft. Abin da ya hana shugabansa, Bill Gates, barci shi ne, Navigator tana aiki a kan Windows, tana aiki a kan Macintosh, tana aiki a kan Unix. Idan masu rubuta manhajoji suka koma rubuta wa burauza, mai saye ba zai ƙara damuwa da wace babbar manhaja ce ke tafiyar da kwamfutarsa ba, kuma daga ranar Windows ta zama kaya kamar kowane kaya a kasuwa. Gates ya rubuta wa manyan ma'aikatansa doguwar takarda a watan Mayun 1995 yana gargaɗinsu a kan haka, har ya ambaci Netscape da suna.

Ranar 21 ga Yunin 1995 wakilan Microsoft suka je ofishin Netscape. Abin da aka faɗa a wannan zama har yau riwaya biyu ce. Shugaban Netscape, Jim Barksdale, ya shaida wa kotu cewa tayin raba kasuwa aka kawo musu: su bar wa Microsoft masu amfani da Windows 95, su riƙe sauran. Microsoft ya ce zama ne na kasuwanci irin wanda aka saba, kuma Netscape ne ya ɗana tarko don ya sami abin kai wa gwamnati. Mutanen Netscape ba waliyyai ba ne, domin a kotu an fito da wasiƙar da Clark ya taɓa aikawa yana yi wa Microsoft tayin sayen hannun jari a kamfaninsa. Amma Andreessen yana zaune a wurin yana buga abin da ake faɗa a kwamfutarsa, kuma duk abin da ya biyo baya ya fi dacewa da riwayar Barksdale. Ni dai ita na ɗauka.

Da tayin bai karɓu ba, Microsoft ya fito da tasa burauzar, Internet Explorer, ya ba da ita kyauta, sannan ya gaya wa masu ƙera kwamfuta cewa duk mai son lasisin Windows sai ya haɗa da ita. Kamar a ce mutum ɗaya ne ke da sukari a gari, ya ce ba zai auna maka ba sai ka ɗauki ganyen shayinsa. A 1996 kamfanin Compaq, wanda a lokacin ya fi kowa sayar da kwamfutoci, ya cire tambarin Internet Explorer daga allon wasu injinansa. Microsoft ya aika masa takardar cewa zai soke lasisinsa. Compaq ya mayar da tambarin.

Matsalar ita ce tun 1994 Microsoft ya sa hannu a wata yarjejeniya da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, wadda ta hana shi tilasta wa mai sayen Windows ɗaukar wani kaya daban. Sai dai lauyoyinsa sun saka wata 'yar jimla da ta ba shi damar ƙera kayan da aka haɗe su zama abu ɗaya. A kan wannan jimla aka yi rigimar duka. Kaya biyu ne aka ɗaure da igiya, ko kuwa kaya ɗaya ne?

A watan Oktoban 1997 ma'aikatar ta koma kotu, tana neman a ci Microsoft tarar dala miliyan 1 kowace rana. Shari'ar ta faɗa hannun Thomas Penfield Jackson, tsohon sojan ruwa wanda Shugaba Reagan ya naɗa alƙali a 1982, mutumin da ba wanda zai kira maƙiyin 'yan kasuwa. Ranar 11 ga Disamba ya umarci Microsoft ya ba masu ƙera kwamfuta Windows 95 wadda babu burauzar a cikinta. Microsoft ya ce ya ji ya bi. Sai ya ba su zaɓi: ko su ɗauki Windows da aka zare mata duk wani fayil da ya shafi burauzar, wadda ko tashi ba ta yi idan an kunna, ko su ɗauki tsohon bugu na 1995 wanda kasuwa ta riga ta wuce shi, ko su ci gaba da abin da suka saba.

Jackson ya ɗauki wannan a matsayin raini, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan 'yan kwanaki ya shaida wa lauyoyi a zauren kotu cewa ya sa wani ma'aikacin kotun ya kawo sabuwar kwamfuta, ya cire Internet Explorer a gabansa ta hanyar da Windows ɗin kanta ta tanada, kuma aikin bai kai daƙiƙa 90 ba, injin ya ci gaba da aiki lafiya lau. A watan Janairu ya tambayi wani jami'in kamfanin, David Cole, ko da gaske ya fahimci umarnin kotu a matsayin umarnin a sayar wa mutane kayan da ba ya aiki. Cole ya amsa da e.

A nan ya kamata a yi wa Microsoft adalci kaɗan. Abin da ma'aikacin kotu ya cire tambari ne da 'yan fayiloli, amma mafi yawan rubutun burauzar yana nan kwance a ciki, wasu sassan Windows suna jingina da shi. Saboda haka da injiniyoyin kamfanin suka ce cirewa gaba ɗaya za ta lalata injin, ba ƙarya tsagwaronta suka yi ba. Abin tambaya shi ne wa ya cakuɗa su, kuma don me. Wanda ya dama fura da nono da hannunsa ba zai dawo yana rantsuwa cewa haka Allah ya halicce su a haɗe ba. Amsar tana cikin wasiƙun kamfanin. A ƙarshen 1996 Jim Allchin, babban jami'in da ke kula da Windows, ya rubuta wa na gaba da shi, Paul Maritz, cewa bai ga yadda Internet Explorer za ta yi nasara ta hanyar kwaikwayon Netscape ba, dole sai an yi amfani da ƙarfin Windows.

Kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin Jackson a watan Yunin 1998, amma kafin nan, ranar 18 ga Mayu, gwamnatin tarayya da jihohi 20 sun shigar da babbar ƙara a ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890, dokar hana babakere da aka yi amfani da ita aka wargaza kamfanin man Standard Oil a 1911. An fara sauraro ranar 19 ga Oktoba. Lauyan gwamnati, David Boies, ya riƙa kunna guntayen bidiyon tambayoyin da ya yi wa Gates, inda mai kuɗin duniya yake ta lilo a kan kujera, yana cewa bai tuna ba, yana jayayya a kan ma'anar kalmomi irin su "gasa" da "damuwa" da "mu". Har alƙali sai da ya yi dariya yana girgiza kai. Wani jami'in Intel, Steven McGeady, ya shaida cewa Maritz ya gaya musu za su toshe wa Netscape hanyar numfashi. Maritz ya musanta.

Amma ranar da ta fi kowace tsayawa a zukatan waɗanda suka bi shari'ar ta zo ne a farkon Fabrairun 1999. Gwamnati ta riga ta gabatar da wani malamin jami'ar Princeton, Edward Felten, wanda ya rubuta ƙaramar manhaja mai cire aikin burauza daga Windows 98. Microsoft ya kawo Allchin da faifan bidiyo don ya nuna cewa injin da aka yi wa haka yana jan ƙafa. Boies ya sa aka tsayar da faifan, ya nuna rubutun da ke saman allo. Manhajar Felten tana canza wannan rubutu, amma a bidiyon har yanzu sunan Internet Explorer ne a wurin. Ke nan injin da ake cewa ya yi nauyi, ba a ma tabbatar an cire masa komai ba. Allchin ya koma ya bincika, ya dawo ya ce injin daidai ne. Boies ya sake kunna faifan, yana tafiya da shi a hankali, yana nuna tambura suna ɓacewa daga allo suna dawowa tsakanin wannan hoto da wancan. Daga ƙarshe aka amsa cewa ba kwamfuta ɗaya aka ɗauka ba, hotunan injina daban-daban aka harhaɗa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kamfanin ya kwana yana sake ɗaukar gwajin, sabon faifan kuma bai nuna wancan nauyi da aka yi iƙirari ba. Boies ya kuma bi amfanonin da Allchin ya lissafa na haɗewar ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsa ko ba za a same su ba idan mutum ya ɗora burauzar daban a kan Windows 95. Kowane ɗaya Allchin ya ce za a samu.

A daidai wannan lokaci wani ɗan Ostireliya, Shane Brooks, ya saki wata manhaja mai suna 98lite a intanet, wadda ke zare Internet Explorer daga Windows 98. Abin da ayarin lauyoyi ke rantsuwa ba ya yiwuwa, mutane suna yin sa a ɗakunansu.

Ranar 5 ga Nuwamban 1999 Jackson ya fitar da abin da ya gano, sakin layi 412: Microsoft yana da babakere, ya kuma yi amfani da shi ya danne masu tasowa. A Afrilun 2000 ya ce kamfanin ya karya doka, ranar 7 ga Yuni ya yanke a raba shi biyu, ɗaya ya riƙe Windows, ɗaya ya riƙe sauran manhajoji.

Baki shi ke yanka wuya. Ashe tun shari'a na gudana alƙalin yana ganawa da 'yan jarida a ɓoye, ciki har da Ken Auletta na mujallar The New Yorker, bisa sharaɗin ba za su buga ba sai an gama. Ya kwatanta Gates da Napoleon, ya kwatanta shugabannin kamfanin da wasu 'yan daban ƙwaya da ya taɓa yi wa shari'a. Ranar 28 ga Yunin 2001 alƙalai bakwai na kotun ɗaukaka ƙara suka soke hukuncin rabawa, suka ƙwace shari'ar daga hannunsa da kakkausan harshe. Masu cewa Microsoft ya fita fes a ranar ba su karanta hukuncin ba. Kotun ta amince kamfanin ya kare babakerensa ta haramtacciyar hanya, ta kuma ambaci cakuɗa rubutun burauza da na Windows, da cire ta daga jerin abubuwan da ake iya gogewa, a cikin laifukan. Abin da Jackson ya gano ya tsaya. Hukuncinsa ne ya faɗi, kuma rashin kama bakinsa na cikin abin da ya kayar da shi.

Sauran labarin gajere ne. Gwamnati ta canza, ma'aikatar shari'a ta George W. Bush ta janye batun rabawa, aka yi sulhu, Alƙaliya Colleen Kollar-Kotelly ta amince da shi a Nuwamban 2002. Aka ba mutane damar ɓoye tambarin burauzar, rubutunta kuwa yana nan daram. Netscape, wanda kamfanin AOL ya saya a kan dala biliyan 4.2 tun ana tsakiyar shari'a, ya riga ya mutu a tsaye.

Turai ta ɗauka daga nan. A 2004 hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, ta tilasta masa fitar da Windows wadda babu Media Player. Da yake farashinta ɗaya da mai ɗauke da ita, kusan ba wanda ya saya. A 2010 aka koma nuna wa mutane allon zaɓen burauza, ya ɓace daga Windows 7 fiye da shekara guda, kamfanin ya ce kuskure ne, aka ƙara masa tarar yuro miliyan 561 a 2013. A wannan shekara Jackson ya rasu. A 2018 tarar yuro biliyan 4.34 ta hau kan Google saboda manhajojin da ya sa a riƙa ɗorawa a wayoyin Android, a 2024 kuma, can a Amurka, da Alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike, da hukuncin 2001 ya dogara. Ita kuwa Internet Explorer, Microsoft da kansa ya yi mata ritaya a Yunin 2022.

Saboda haka mai tambaya daga Zariya, ga abin da zan bar ka da shi. Tun watan Maris na 2024, bisa sabuwar dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, mai kwamfuta a Faransa ko Jamus yana iya shiga saiti ya cire Edge, magajiyar Internet Explorer, daga Windows 11 kamar kowace manhaja. Windows ɗin ɗaya ce da wadda ake sayarwa a Kano da Yamai, amma a nan idan ka shiga wurin, maɓallin cirewar a dushe yake, ba ya dannuwa.