Fasto Macaulay da makarantar yara shida

Da yawanmu muna bi ta Bariga, mu ga makarantar CMS Grammar School, mu wuce. Yau ina so in kawo muku tarihin mutumin da ya kafa ta, domin ita ce sakandare ta farko a Najeriya.

Sunansa Thomas Babington Macaulay. An haife shi ranar 17 ga Janairu 1826 a Kissy, ƙasar Saliyo. Iyayensa Yarbawa ne da aka kama bayi, sai sojojin ruwan Ingila suka ƙwato su daga jirgin masu fataucin bayi. Ya yi karatu a Saliyo da Landan, aka naɗa shi limamin cocin Angilika a 1854. A shekarar ne kuma ya auri Abigail, 'yar Samuel Ajayi Crowther.

Burinsa ɗan baƙar fata ya yi karatu mai zurfi, ya wuce iya karanta wasiƙa. To amma ina kuɗi? Nan wani attajirin ɗan kasuwa, Kyaftin James Davies, ya ba shi fam 50 don sayen littattafai da kayan aiki. Ranar 6 ga Yuni 1859 aka buɗe makarantar a wani ƙaramin gida da ake kira Cotton House a titin Broad, da yara shida kacal. Ku lura, Turawa ba su karɓe mulkin Ikko ba sai 1861. Macaulay ya riƙe makarantar har cutar agana ta yi ajalinsa ranar 17 ga Janairu 1878, yana da shekara 52 cif.

Ɗansa shi ne Herbert Macaulay, wanda hotonsa ke kan tsohuwar naira ɗaya. A makarantar mahaifinsa ya yi karatu, ya kafa jam'iyyar NNDP a 1923. A Kano ciwon ajali ya kama shi a 1946, aka dawo da shi Ikko ya rasu.

Ni ɗan ɗan kasuwa ne, shi ya sa fam 50 ɗin nan ta fi tsaya mini a rai. Muna da attajirai a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, amma yaranmu nawa ke barin aji su koma tura baro? Fasto ya kawo ilimi, ɗan kasuwa ya kawo kuɗi, makarantar ta haura shekara 160. Iyayenmu, Alhazai, malaman muna da su. Ku muke jira.

Allah Ya sa mu dace.